Gwiwa Ta Hana Ni Gudu, Zuciya Kuma Ta Ƙi Kwanciya

Wasiƙun da muka ware a filin tambaya da amsa na wannan wata duk a kan ciwon gaɓoɓi suke, wanda mutanenmu ke kira sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai, da abin da yake yi wa zuciyar mutumin da ya saba gudu ko ƙwallo. Likitan gaɓoɓi, da mai gyaran jiki ta hanyar atisaye (wanda a nan muka fi sani da kine), da ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ne suka haɗu suka ba da amsoshin. Mun sakaya sunayen masu wasiƙun.

Daga wani malamin makaranta, Garwa:

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 47, kuma tun ina saurayi nake gudu. Bayan sallar asuba mukan haɗu mu shida, mu zagaya ta wajen filin wasa na Rumde Ajiya, kilomita takwas zuwa goma, sau huɗu a mako. Bara gwiwata ta dama ta fara ciwo da kumburi. Aka ɗauki hoto, aka ce guringuntsi ya fara cinyewa, aka rubuta arthrose a takarda, aka ce in daina gudu. Wata bakwai ke nan. Na ƙara kilo 6, barci ya lalace, ina yi wa yara faɗa a gida da aji kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan na ji takun abokaina sun wuce ta ƙofar gida da asuba sai ƙwalla ta cika mini ido. Da na faɗa wa wani, sai ya ce in gode wa Allah tunda ina tafiya da ƙafata. Na gode Masa, amma zuciyar ta ƙi kwanciya. Rashin tawakkali ne, ko wani abu ne ya same ni?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara sauƙi. Rashi ka yi, kuma wanda ya yi rashi dole ya ji a ransa. Godiya ga Allah da jin zafin rashi suna zama a zuciya ɗaya ba tare da ɗaya ta kori ɗaya ba. Jikinka ya shekara kusan talatin yana samun natsuwarsa daga gudu: shi ke sauke maka gajiyar aji, shi ke kawo maka barci, shi ke daidaita maka cin abinci. An san cewa wanda ya saba motsa jiki sosai, idan ya tsaya rana ɗaya kwatsam, cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan fara jin kasala, saurin fushi da ƙuncin rai. Kai wata bakwai ka yi a haka.

Bari mu fara da gwiwar, domin yawancin tsoron daga nan yake fitowa. Wannan ciwo ba naka ba ne kai kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane wajen miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, kuma a cikinsu miliyan 365 a gwiwa yake. Kalmar "cinyewa" ita ce ta fi cutar da mutane, saboda tana sa mutum ya ɗauki gwiwarsa kamar tayar babur da kowane taku ke ƙara gogewa. Ba haka gaɓa take aiki ba. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini. Abincinsa daga ruwan cikin gaɓa yake samu, kuma sai an danna shi an sake, kamar soson wanka, sannan ruwan ke shiga ya fita. Gwiwar da aka ajiye ba motsi, guringuntsinta na zama da yunwa, tsokar cinya tana ramewa, nauyin da tsokar ya kamata ta ɗauka sai ya koma kan gaɓar. Nauyin jiki kuma ya ƙaru. Kowane kilo ɗaya da ka ƙara yana ɗora wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku, ka ga kilo shidanka sun zama kusan 24. Hutun da ka yi tsammanin yana kare gwiwar yana cikin abin da ke ƙara mata ciwo.

Hoton ƙashi ma ba shi ne alƙali ba. Akwai masu hoton da ya nuna lalacewa sosai suna yawonsu ba ciwo, akwai masu hoto kusan lafiya ƙalau suna kwana ba barci. Guringuntsin kansa ba ya jin zafi, ba shi da jijiyar ji. Zafin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa yake zuwa, da fatar da ta lulluɓe gaɓar ta ciki, da tsokoki. Rashin barci da damuwa kuma suna ƙara wa jijiyoyi saurin jin zafi, shi ya sa ranar da ka kwana da tunani gwiwar ta fi damunka da safe. Game da gudun kansa, wani babban nazari da aka fitar a 2017, wanda ya tattara binciken da aka yi kan mutane sama da dubu ɗari, ya samu wannan ciwo na gwiwa ko kwatangwalo a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun motsa jiki, kashi 10.2 na marasa motsa jiki, da kashi 13.3 na masu gudun gasa mai tsanani. Wannan bai nuna cewa gudu magani ba ne, amma ya isa ya cire maka zargin kai cewa da hannunka ka lalata gwiwarka.

Ga aikin da za ka fara, kwana uku a mako, ana tsallake rana a tsakani. Zauna a tabarma ka miƙe ƙafa, ka naɗe tawul ka sa ƙarƙashin gwiwa, ka danna shi ƙasa har cinyar ta yi tauri, ka riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Sai ka kwanta rigingine, ka lanƙwasa lafiyayyar ƙafar, ka ɗaga mai ciwon a miƙe kamar santimita 30 daga ƙasa, ka riƙe daƙiƙa uku, ka sauke a hankali, sau goma. Kana nan kwance ka lanƙwasa gwiwoyi biyu, ka ɗaga ƙugu sama har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, sau goma. Wanda ya fi duka amfani shi ne tashi da zama: kujera mai tsayin santimita 45 ko kusa da haka, ka tashi ba tare da dafa komai ba, ka koma ka zauna a hankali kana ƙirga uku, sau takwas zuwa goma sha biyu. Kowanne ka maimaita shi zagaye biyu, bayan mako biyu ka kai uku. Kuskuren da aka fi yi a tashi da zama shi ne barin gwiwa ta karkata ciki. Ta tsaya saitin yatsan ƙafa na biyu. Idan sau goma sha biyu ya zama wasa, ka goya jakar makaranta da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi guda biyu a ciki, kilo uku ke nan, ka riƙa ƙarawa. Daga baya ka haɗa da hawa da sauka a dakali mai tsayin santimita 10 zuwa 15. Sai mako shida zuwa goma sha biyu ake ganin amfanin, kuma masu bari da yawa suna bari ne daidai lokacin da tsoka ke tsami amma sauƙin bai iso ba.

Ma'aunin da zai hana ka tsoro shi ne wannan. Ka auna zafin daga sifili zuwa goma. Idan lokacin atisaye bai wuce biyar ba, kuma washegari da safe ya koma yadda yake kullum ba tare da sabon kumburi ba, ka ci gaba. Idan ya wuce biyar, ko ya kwana ya wuni bai sauka ba, ka rage aikin rabi na kwana biyu ko uku, kada ka tsaya gaba ɗaya. Ranar kumburi, tsumma mai sanyi ko ƙanƙara a naɗe cikin zane, minti 15. Ranar ƙagewa, musamman safiyar hunturu, ruwan ɗumi.

Keke abokin gwiwa ne, in an daidaita sirdi. Ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sosai. Sirdin da ya yi ƙasa yana matse gaban gwiwa, mutum ya sauka yana cewa keke ma ya gagare shi. Fara da minti 15 a hanya shimfiɗaɗɗiya, ka kai 40. Abin da ake so shi ne minti 150 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau amma kana iya magana.

Gudu fa? Ba za mu yi maka alkawarin kilomita goma sau huɗu a mako ba. Amma da yawa masu irin ciwonka, in bai yi nisa ba, suna komawa ɗan gudu. Sharaɗi: ka cika mako takwas zuwa goma sha biyu na ƙarfafa tsoka, kana iya tafiyar minti 30 da sauri ba kumburi washegari, kuma kine ko likita ya sake duba gwiwar. Sannan minti ɗaya sassarfa, minti huɗu tafiya, sau biyar, kwana biyu ko uku a mako ba a jere ba. Gajeren taku, a kan ƙasa mai tauri daidai, ba gangare ba. Abu ɗaya ake ƙarawa a mako, ko tsawon lokaci ko sauri, ba duka biyun ba. Idan gwiwar tana kullewa, ko tana sulluɓewa kamar za ka faɗi, ka dakata a duba, wannan wata matsala ce daban.

Yanzu zuciyar. Abin da ka rasa ba abu ɗaya ba ne, ƙunshi ne. A cikin gudun nan akwai tashin asuba da fita, akwai mutum biyar da kuke hira, akwai gumi da natsuwar da ke biyo bayansa, akwai kuma sunan da unguwa ta san ka da shi. Gwiwa gudun kaɗai ta taɓa, amma kai ka ajiye duka huɗun. Ka kwance ƙunshin ka ɗauki abin da ya rage. Gobe da asuba ka fito da keke ka bi abokanka, ka riƙe musu ruwa da agogo. Ranar farko za ta yi ɗaci, za ka ga suna yin abin da ƙafarka ke marmari. Ɗacin nan yana raguwa da maimaitawa, na zaman ɗaki kana jin takunsu kuwa ƙaruwa yake yi. Ka faɗa musu gaskiya da bakinka, jimla biyu ta isa: gwiwa ta sa na canja salo, amma ina nan tare da ku. A makarantarku akwai yaran da ba su san yadda ake ɗumama jiki ko raba numfashi ba, ilimin shekara talatin yana wurinka.

Ka samu ƙaramin littafi. Kowace rana layi ɗaya: abin da ka yi, lambar zafi da dare, lambar zafi da safe, awannin barci. Mai gudu ya saba auna kansa da kilomita da minti, kuma rashin abin aunawa na cikin abin da ke sa shi jin ya ɓace. Amma da makon jiya za ka gwada kanka. In ka gwada da lokacin da kake shekara 30, kullum kai ne a ƙasa.

Akwai iyaka tsakanin baƙin cikin rashi da ciwon damuwa, kuma wasiƙarka ta sa muna so ka duba. Idan mako biyu ko fiye, kusan kullum, rai a ɓace yake, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, barci ko cin abinci ya canja, kana ganin ba ka da amfani, to ka je asibiti ka faɗa wa likita haka ɓaro-ɓaro, kada ka tsaya a maganar gwiwa. Ciwo ne mai magani, ta hanyar zama da masani da kuma ƙwayoyi in an buƙata. In kuwa tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, a ranar za ka faɗa wa wani na kusa ku tafi asibiti tare.

Daga wata uwargida, Marwa:

Likita, maigidana shekararsa 52. Ɗan ƙwallo ne tun yana yaro, har bara ba ya fashin wasan Lahadi na ƙungiyar manya, wanda suke kira deux-zéro. Ya taɓa gurɗewa a gwiwa yana saurayi, aka yi masa ɗori a gida. Yanzu gwiwar ta hana shi wasa. Ya daina zuwa filin, ko wasan Coton Sport aka sa a talabijin sai ya tashi. Magana kaɗan sai faɗa. Na ga yana shan tramol da diclofenac da yake saye a bakin kasuwa, wani kuma ya ba shi shawarar a yi masa sakiya. In na yi magana ya ce ban san abin da yake ji ba. Yaya zan yi?

Amsa:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Maganar magungunan ita ce ta gaggawa, da ita za mu fara. Diclofenac da ibuprofen da danginsu suna rage zafi da kumburi, amma shan su kullum yana kawo gyambon ciki da zubar jini, yana hawar da jini, yana lalata ƙoda. Haɗarin ƙodar ya fi yawa a zafin Maris zuwa Mayu da lokacin azumi, sa'ad da jiki ke ƙarancin ruwa. Idan kika ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ƙafafu sun kumbura, ko fitsari ya ragu, asibiti nan take. Ga gwiwa, diclofenac na shafawa shi ake fara gwadawa, domin kaɗan ne ke shiga jini. Paracetamol kada ya wuce giram huɗu a yini, kuma uku ya fi aminci ga mai shekaru ko mai matsalar hanta.

Tramol ya fi ba mu tsoro. Na bakin kasuwa yakan zo da ƙarfin miligiram 200 ko 225 ko fiye a ƙwaya ɗaya, alhali na asibiti daga 50 ake farawa. Yana kama jiki, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma shi da kansa yana kawo saurin fushi da sauyin hali idan ƙarfinsa ya fara sauka a jini. Mai yiwuwa wani ɓangare na faɗan nan daga ƙwayar yake. Kada ki ɓoye ta ko ki zubar. Wanda jikinsa ya saba, in ya bari rana ɗaya, zai shiga gumi, rawar jiki, gudawa da firgici, sai ya koma da ƙarfi. Likita ne ke rage masa ita mataki-mataki cikin makonni. Haka nan ƙullin ƙwayoyin "maganin sanyi" da ake haɗawa a leda, sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki: sauƙi na kwana biyu, daga baya kumburin fuska, ciwon suga da raunin ƙashi.

Sakiya da tsaga a kan gwiwa, a'a. Gaɓar tana kusa da fata ƙwarai, ƙwayar cuta in ta shiga tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki. Duk gwiwar da ta kumbura, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, mutum ya kasa taka ta, ba a kwana da ita a gida.

Mai yiwuwa tsohon raunin nan shi ne mafarin ciwon. Gwiwar da jijiyarta ko faifan guringuntsinta ya taɓa yagewa takan kamu da wannan ciwo bayan shekara goma zuwa ashirin. Ƙwallo kuma, da juyi da birki da karo, ta fi gudu wahalar da irin wannan gwiwa, don haka komawarsa wasa sosai zai yi wuya. Wannan shi ne abin da yake ji, kuma da gaskiyarsa da ya ce ba ki san shi ba. Ƙungiyar Lahadi ba ƙwallo kaɗai ba ce: can ake zama bayan wasa, can ake adashi, can ake jin wa aka yi wa haihuwa, wa aka yi wa rasuwa. Mutumin da aka saba kira da laƙabin filin wasa yanzu yana ganin ba shi da abin da zai kai wurin.

Kada ki fara da "ka daina" ko "ka yi haƙuri", ya ji su har sun ishe shi. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ba gaban yara ba, ki ce masa kin ga abin yana cinsa, kuma tsoron ƙodarsa kike ji, ki roƙe shi ku je a auna jini da hawan jini. Namiji irinsa ya fi saurin yarda da zuwa gwajin ƙoda a kan zuwa maganar damuwa, kuma in an shiga ɗakin likita sauran maganar za ta fito. Sannan ki nemi amininsa ɗaya a ƙungiyar, ta hannun ɗan'uwanki ko nasa in hakan ya fi dacewa, ya zo ya ɗauke shi ranar Lahadi da wani aiki a hannu: alƙalanci daga gefe, tsara 'yan wasa, riƙon asusu. Gayyatar "zo ka kalla" za ta yi masa kama da tausayi, aiki kuwa zai karɓa. Atisayen da muka bayyana wa malamin Garwa ya dace da shi. In faɗan ya kai ga duka ko barazana, wannan ya wuce haƙurin ciwo, ki sanar da manyanku.

Daga wani dattijo, Ngaundare:

Ni tafiyar ƙafa ce motsa jikina, yanzu ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sujada da zaman tahiya sun gagara. Kunya nake ji in ɗauki kujera zuwa masallaci, sai na koma salla a gida.

Amsa:

Baba, Allah Ya ba da lafiya. Sauƙin nan addini ne ya ba ka. A hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, Annabi (SAW) ya umurce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Limaminku zai nuna maka yadda za ka tsaya inda kake iyawa, ka zauna inda ya gagara, da inda ake ajiye kujera a sahu. Ta fuskar lafiya, tafiya masallaci sau biyar ita ce atisayen da ya fi dacewa da kai: gajera, a rarrabe, kullum, ga gaisawa da jama'a. Zaman gida zai raba ka da duka. Ka riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, wato in gwiwar hagu ke ciwo, sanda a dama, tsayinta daidai wuyan hannu in ka tsaya ka saki hannu. Sanyin safiyar Ngaundare yana ƙage gaɓa, don haka kafin ka fita asuba ka zauna bakin gado ka miƙe ka lanƙwasa gwiwa sau ashirin, ka yi alwala da ruwan ɗumi a kan kujera. A ban-ɗaki a sa maka kujerar da aka huda ko abin dafawa a bango, domin tsuguno mai zurfi ya fi komai matse gwiwa.

Daga wata matashiya, Kuseri:

Shekarata 29, ina wasan ƙwallon hannu tun ina makaranta, ina kuma gudu da yamma. Wata huɗu ke nan yatsun hannuwana biyu da wuyan hannu suna kumbura, da safe sai na fi awa ɗaya kafin su saki, ga gajiya. A gida ana cewa sanyi ne, wasu na cewa yarinya kamata ba ta ciwon gaɓoɓi, raki ne. Na daina wasa, na daina fita, ina yawan kuka.

Amsa:

Ƙanwata, ba raki ba ne, kuma naki ya bambanta da na sauran masu wasiƙun. Ciwon cinyewar guringuntsi ƙagewarsa ta safe ba ta cika wuce minti 30 ba, kuma ya fi kama manyan gaɓoɓi. Kumburin ƙananan gaɓoɓi a hannu biyu lokaci ɗaya, da ƙagewar da ta wuce awa, da gajiya, sun fi kama da ciwon da garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓi, wanda za ki ga an rubuta polyarthrite rhumatoïde. Kusan kashi 70 cikin ɗari na masu shi mata ne, kuma yana kama matasa. Akwai wasu abubuwan da likita zai tantance, kamar ciwon gaɓoɓin da ke biyo bayan zazzaɓin cikungunya, wanda ya yi annoba a Abeshe ta ƙasar Chadi a 2020, da sikila. Shi ya sa gwaji ya zama dole.

Kada ki ƙara jira. A wannan ciwo watannin farko su ne masu tsada, maganin da aka fara da wuri yana hana gaɓoɓi lalacewa, wanda aka makara kuwa ba ya mayar da abin da ya karkace. Ki ga likitan cututtukan cikin jiki a nan ko ki haye gadar Ngeli zuwa Injamena. Za a auna alamun kumburi a jini (VS da CRP), da facteur rhumatoïde da anti-CCP, a duba hanta da ƙoda da ciwon hanta nau'in B kafin a fara magani. Maganin da aka fi farawa da shi methotrexate ne, kuma ki riƙe wannan da kyau: sau ɗaya a mako ake shansa, rana ɗaya tsayayya. Shansa kullum bisa kuskure yana kisa. Ana haɗa shi da folic acid, ana gwajin jini lokaci-lokaci, yana ɗaukar mako shida zuwa goma sha biyu kafin ya nuna aiki. Yana cutar da ɗan tayi, don haka in kina da ciki, ko kina shirin aure da haihuwa, ki faɗa wa likita tun farko, akwai wasu magungunan da suka dace.

Abin da ya fi ciwon zafi a wasiƙarki shi ne rashin yarda daga na gida. Ciwo ne da ba ya nuna kansa kullum, yau kina lafiya gobe ba ki iya buɗe gora, sai a ɗauka da gangan ne. Ki tafi asibiti da mahaifiyarki ko yayarki, likita ya yi musu bayani da bakinsa, su ga takardar gwaji. Game da wasa, kada ki yanke wa kanki hukunci yanzu da ciwon ke kan ganiyarsa. Mata da yawa suna komawa gudu idan magani ya kwantar da shi. Kafin nan, ranar da gaɓoɓi suka yi zafi ki jiƙa hannu a ruwan ɗumi minti goma, ki buɗe ki rufe yatsu a hankali, ki yi 'yar tafiya. Ranar sauƙi kada ki rama duk abin da ya wuce ki a yini ɗaya, nan ne ake faɗawa kwanciyar kwana uku. Ki raba aiki gida-gida da hutu a tsakani. Ki ci gaba da zuwa wurin 'yan ƙungiyarku ko da zama za ki yi a benci. Kukan nan kuma ki ambata wa likita, domin ciwon damuwa yana yawan rakiyar wannan cuta, kuma ana maganinsu tare.

Daga wani ɗan kasuwa, Garwa:

An ce iyo da gudu a rairayi sun fi sauƙi ga gwiwa. In riƙa shiga Binuwai?

Amsa:

Alhaji, iyo yana da kyau ƙwarai, ruwan da ya kai ƙirji yana ɗauke fiye da rabin nauyin jiki, ko tafiya kawai ka yi a cikinsa minti 20 ka yi aiki. Amma a kwamin wanka mai magani, irin na otal. Kogi da tafki da kududdufi suna ɗauke da tsargiya, wadda ke shiga ta fata ko ba ka sha ruwan ba, ga dorina a Binuwai, ga ƙarfin ruwa da damina. Rairayi mai zurfi irin na busasshen kogi (mayo) yana rage dukan ƙafa da ƙasa, amma ƙafa na nutsewa tana karkacewa, aikin ya koma kan agara da idon sawu da gefen gwiwa. In za ka gwada, ka nemi inda rairayin ya daddale, da takalmi, tafiya minti goma tukuna, ka ga abin da gwiwar za ta ce washegari da safe.